Buɗaɗɗiyar Wasiƙa: Da Wane Iko Ikkilisiya Take Magana?

Ɗan'uwana cikin Almasihu, ina gaishe ka da fatan alheri.

A bainar jama'a ka yi mini tambayarka, don haka a bainar jama'a zan amsa. Ka ce tun da kimiyya ta sha gyara wa ikkilisiya zance, ɗariku kuma sun rarrabu kowace tana cewa ita ce a kan hanya, ga mabiya sauran addinai suna riƙe da nasu littattafan da zuciya ɗaya, to da wane iko fasto ko bishop ko Paparoma zai ce a saurare shi? Ban ɗauki wannan a matsayin rashin kunya ba, domin tambayar ta taɓa hana ni barci.

A ganina, ikon da ke hannun shugabannin ikkilisiya amana ce. Almasihu ne mai ita, kuma ba ta wuce saƙon da ya aike su da shi ba. Duk lokacin da suka zarce wannan iyaka, kunya ce take biyo baya. A shekarar 1633 kotun ikkilisiya a Roma ta tilasta wa masanin taurari Galileo ya janye maganarsa cewa duniya ce take zagaya rana, ya kuma ƙare rayuwarsa a tsare a gida, sai a 1992 Paparoma John Paul na Biyu ya fito fili ya amince cewa malaman da suka yi masa hukunci sun yi kuskure. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, fiye da shekara dubu kafin wannan shari'a, Agustin bishop na Hippo ya riga ya gargaɗi Kiristoci kada su jingina wa Littafi Mai Tsarki jahilcinsu game da sama da ƙasa, domin wanda ya kama su da shirme a kan taurari ba zai yarda da su a kan tashin matattu ba. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam wanda ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, ya gane wannan sarai, shi ya sa bai so a mai da bincikensa hujjar littafin Farawa ba.

Batun rarrabuwa ya fi mini ciwo, kuma ba zan kare shi ba, tun da Ubangiji ya yi addu'a mu zama ɗaya. Ikkilisiyar Gabas (Otodoks) da ta Yamma (Katolika) sun raba gari a 1054. Martin Luther, limami ɗan Jamus, ya ɗaga muryarsa a 1517 yana neman gyara, aka kore shi daga ikkilisiyar Katolika a 1521, alhali gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Duk da haka, a 1965 Paparoma Paul na Shida da Atenagoras shugaban Otodoks na Kustantiniya sun janye la'anar da magabatansu suka yi wa juna, a 1999 kuma Katolika da Lutheran suka sa hannu a Augsburg kan matsaya ɗaya game da kuɓuta ta wurin bangaskiya. Haka manzanni suka yi a Urushalima da gardamar kaciya ta taso: suka taru, suka saurari juna, sannan suka yanke shawara. Shugaban da yake ba ni tsoro a yau shi ne wanda ya kafa majami'arsa shi kaɗai, babu dattawa ko majalisar da za ta tsawata masa, da ka yi tambaya sai ya ce Allah ne ya gaya masa. Mutanen Biriya sun gwada maganar Bulus kansa da Nassosi, aka kuwa yaba musu.

Game da sauran addinai, na gaskata Yesu ne hanya, kuma ba zan ɓoye ba. Amma shaida aka umarce mu mu bayar, babu inda aka ba mu izinin tilastawa ko zagi, kuma shugaban da yake cusa wa mabiyansa ƙin maƙwabci ya riga ya ci amanar da nake magana a kanta.

Idan akwai inda kake ganin na kauce wa Nassi, ka nuna mini a fili kamar yadda ka yi tambayar, zan kuma sake dubawa.

Naka cikin Ubangiji.