Wasiƙar godiya ga gidan tarihin kiɗa na Brentford

Zuwa ga shugabanni, ma'aikata da 'yan sa-kai na Musical Museum, Brentford, Landan.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a, kuma na yi ta da Hausa domin 'yan'uwana mazauna Landan, da masu zuwa hutu ko ganin likita ko bikin yaye ɗalibai, su san da wannan gida da ke kusa da gadar Kew a gefen kogin Thames. Yawancin baƙinmu daga kasuwa sai fadar Sarki, daga nan sai filin jirgi.

Abin da ya fi burge ni da ku shi ne ba ku kulle kayanku cikin gilashi kun ce a kalla daga nesa ba. Kuna kunna su. Na sha shiga gidajen tarihi, a nan da can gida, inda za ka tarar da gurmi ko kukuma a rataye, tsirkiya ta tsinke, fata ta bushe, an manna takarda an rubuta sunansa. Wanda bai taɓa jin muryarsa ba me zai ƙaru da shi? Ku kuwa tun 1963, lokacin da Frank Holland ya fara tara waɗannan kaya a wata tsohuwar coci a nan Brentford, har kuka koma sabon gininku a 2008, aikinku shi ne ku ga cewa fiyano mai kaɗa kansa yana ci gaba da kaɗawa.

Da kawuna na zo. Ya zo daga Kano ganin likitan ido, kuma mutum ne da ya yi rayuwarsa yana gyaran keken ɗinki, don haka duk abin da ke motsi sai ya ga cikinsa hankalinsa ke kwanciya. Mai yi mana jagora, wani dattijo ɗan sa-kai, ya ɗauko naɗin takarda mai cike da huda-huda ya saka a jikin fiyano, ya zauna ya fara taka feda biyu da ƙafa. Nan take maɓallan suka shiga lotsawa suna tasowa, hannun mutumin na kan cinyarsa. Kawu ya dafa ni ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ai keke ne, ƙafa ke aiki. Tambaye shi ina belinsa yake." Na tambaya. Maimakon ya ba mu amsa a taƙaice ya wuce, sai ya buɗe murfin ƙasa da na sama ya ce Kawu ya matso.

Babu beli, iska ce. Fedar tana jan zugazugi ne, amma wannan zuƙe iska yake yi daga cikin akwatin, ba hurawa ba. Takardar tana bi ta kan wata sandar tagulla mai jerin ƙananan ƙofofi, kowace ƙofa da siririn tiyonta. Muddin takarda ta rufe ƙofa, shiru. Da huji ya zo kanta sai iskar waje ta kutsa, ta ɗaga wata 'yar fata, fatar ta juya bawul, sai wani ɗan ƙaramin zugazugi ya tsuke ya tura guduma ta bugi waya. Kowane sauti da nasa. Dogon huji dogon sauti, gajere kuma gajere. Dattijon ya yi ta jira ina fassarawa, Kawu na sake tambaya, ina mayarwa, bai nuna gajiya ba, alhali akwai wasu baƙi a tsaye. Har ya sa Kawu ya zauna ya taka da kansa, ya nuna masa cewa in ya taka da ƙarfi kiɗan zai yi ƙara, in ya sassauta zai yi laushi. Wannan haƙurin shi ne dalilin farko na wannan wasiƙa.

A bakinsa muka ji yadda abin ya faro. Wani Ba'amurke, Edwin Votey, shi ya haɗa na'urar da aka sa wa suna Pianola a Detroit wajen tsakiyar shekarun 1890, kamfanin Aeolian ya kai ta kasuwa. Wadda aka fara sayarwa akwati ce da ake turawa gaban fiyano, tana da yatsun katako da ke danna maɓallai 65 kawai. Daga baya aka mayar da kayan aikin cikin fiyanon, kuma a 1908 masu sana'ar suka taru a Buffalo suka daidaita a kan naɗi mai sauti 88, ta yadda takardar wannan kamfani za ta hau fiyanon wancan.

Amma inda jikina ya yi sanyi shi ne wajen ɗaya nau'in, wanda ba ya bukatar mai taka feda ko mai sarrafa shi, injin lantarki ke jan iskar. Kamfanin Welte na Freiburg a Jamus ne ya fito da shi a 1904, sannan Duo-Art da Ampico suka biyo baya a Amurka. A gefen takardarsa akwai ƙarin huji waɗanda ba sauti suke bugawa ba, ƙarfin bugu suke faɗa, da inda makaɗin ya taka fedar tsawaita sauti, da inda ya saki. Wato an zaunar da gwani ya kaɗa, na'ura ta rubuta abin da yatsunsa suka yi. Cikin manyan masu tsara kiɗa na Turai, Gustav Mahler ya yi wa Welte irin wannan a 1905, Edvard Grieg a 1906, shekara guda kafin rasuwarsa. Mu aka sa mana naɗin Rachmaninoff, gwanin fiyano ɗan Rasha, wanda ya rasu tun 1943. Kujera babu kowa, maɓallai na gudu, wuri ya yi tsit. Rediyo da faifai suna maimaita maka ƙarar da aka ɗauka ne ta lasifika. Nan kuwa guduma ce ta gaske ke dukan waya ta gaske a gabanka, katakon yana rawa har ka ji a tafin ƙafarka. Kawu bai ce komai ba sai "Ikon Allah."

Na kuma yaba da gaskiyar mai jagoran. Da ya so, da ya bar mu da cewa mun ji mamacin sak kamar yana raye, mu tafi muna mamaki. Sai ya ce mana a'a, a yi hattara. Kamfanonin kan gyara kuskuren makaɗi a jikin takarda kafin su buga ta, wani lokaci ma ƙarfin bugun wani ƙwararre ne ke saurara yana sa alama. Welte sun ɓoye sirrin yadda suke ɗauka, kuma masana'antarsu ta ƙone a ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu a 1944. Ga shi kuma in fiyanon bai sami saiti mai kyau ba, zai ɓata wa gwani suna. Ni a wurina wannan bayani ƙara wa abin daraja ya yi, domin ya nuna rabin abin da muka ji aikin masu gyaranku ne.

Su ne nake so wannan godiya ta fi isa gare su. Ƙyallen roba da ke jikin ƙananan zugazugan nan yana bushewa ya tsage, fata na cinyewa, tiyo na ƙagewa, takardar da ta shekara ɗari tana yagewa daga baki. Huji ɗaya da bai fi kan allura ba ya isa ya kashe sauti. Kuna da naɗi sama da 20,000 a ajiye, ga babban ogan (kayan kiɗa mai bututun iska) na Wurlitzer da aka kwaso daga gidan silima na Regal a Kingston, duk suna jiran hannu. Kasuwar waɗannan kaya ta mutu tun da rediyo ya shigo gidaje kuma tattalin arziki ya karye a 1929, saboda haka wanda ya iya gyaransu yau ba don kuɗi ya koya ba.

Roƙona ɗaya ne: ku jawo matasa kusa da waɗannan dattawa tun suna da ƙarfin koyarwa, ko da yaran makarantun da ke kewaye da ku ne, a Brentford da Hounslow. Ina da ɗa mai son kwance abubuwa, kuma in kun buɗe irin wannan ƙofa da kaina zan kawo shi.

Kawu ya koma Kano, idon ya yi sauƙi, ya ce lallai in isar da gaisuwarsa ga dattijon da ya buɗe masa murfi, da wanda ya liƙa zugazugan, don a cewarsa ko gam bai ga ya zubo ba. Allah ya ƙara muku lafiya, ya saka da alheri.

Naku,
Wani Bakano mazaunin Hounslow