Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Sarkin Hausawan Agege Kan Tsofaffin Da Gigin Tsufa Ya Kama

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu talakawanka mazauna Agege, maza da mata, mun kawo kuka kan iyayenmu da gigin tsufa ya kama, waɗanda 'ya'yansu ke yi wa riƙon sakainar kashi.

Ranka ya daɗe, akwai gidajen hayar da ake garƙame tsohuwa a ɗaki tun asuba, 'ya'ya su wuce kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba, sai bayan isha'i. Maƙwabta na jin ta tana dukan ƙofa, tana kiran mijinta da ya daɗe a ƙasa. A dawo a tarar tuwon yana nan yadda aka ajiye, zaninta sharkaf da fitsari, sai faɗa ya tashi, wai da gangan take yi. Wadda ta samu kafa ta fita kuwa, ba ta gane hanyar gida, ba ta jin Yarbanci, ga layin dogo, ga motocin danfo. A garin nan an sha taruwa a kan tsohuwar da ta ɓata ana ce mata mayya.

Wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba maita ba, ba iskoki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kuma cutar Alzheimer ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Hawan jini da ciwon suga na ƙara haɗarinsa. Ba a warkewa, amma likitoci na rage wahalar, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba kusa da mu. Allah ma ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli, aya ta 70.

Mun san neman abinci a Legas ba wasa ba ne. Sau da yawa suruka ɗaya ake bar wa jinyar dare da rana, 'ya'ya maza ko leƙe, ita ma abar tausayi ce.

Muna roƙon Sarki ya sa limamai su yi huɗuba a kan wannan, masu unguwanni kuma su san gidajen da ake da irin waɗannan tsofaffi. A riƙa ɗinka musu suna da lambar waya a jikin riga, kuma duk wanda aka tsinta a kawo shi fada. Ɗan da yake da hali ya yi watsi da mahaifiyarsa, a kira shi gabanka, a raba jinya da kuɗin magani tsakaninsa da 'yan'uwansa a gaban shaidu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Naka masu biyayya,
Mazauna Agege, Jihar Legas