Maigida ya rasu, mangaza ta rufe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in taɓo abin da ke cinye gidajen kasuwanci a Maradi. Alhaji ya kwanta dama, kafin sadakar arba'in motoci sun tsaya, mangaza ta rufe, yara sun watse. Galibi dukiyar tana nan. Sirrin sana'ar ne aka binne da shi: wa ake bi bashi, wa ke ba da kaya kan amana a Kano ko Lome, wa ke fiton kaya a duwan (kwastan) ta Ɗan Isa, kusa da iyakar Najeriya.

Tuntuɓen farko a takarda yake. Yawancin alhazanmu rajistar kasuwanci da asusun banki duk da sunansu suke. Ranar da banki ya ji rasuwa zai toshe asusun, takardar wakilcin da aka ba ɗa ko yaro kuma ta mutu tare da mai ita. Sai dangi sun zauna, kotu ta tabbatar da magada da wakilinsu, alhali kaya na jibge a tashar jirgin ruwa, kuɗin ajiya na hawa kullum. Dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, ta yarda ko mutum ɗaya ya kafa kamfanin SARL, irin wanda dukiyarsa take daban da ta mai shi. Magada za su gaji hannun jari, aiki kuma ba zai tsaya ba, muddin an naɗa manaja na biyu mai sa hannu tun maigida na da rai.

Sai mutane, kuma nan ne wuyar take. Gado daban, iya riƙo daban. Babban ɗa ba lalle ne shi ya fi sanin ciniki ba. A ware kujerun da in mai su ya yi mako guda yana jinya komai zai tsaya: mai makullin mangaza, mai lissafi, mai zuwa saro, mai hulɗa da duwan. Kowace a sa mata mataimaki. Wanda ake so ya riƙe gida ya zaga su duka, wata shida-shida, shekara biyu ke nan. A kai shi gaban masu ba da kaya su san fuskarsa, don amana ba ta bin waya. Sa'an nan maigida ya tafi Umra, ya bar masa komai, ya daure kada ya riƙa kira dare da rana. In ya dawo a ƙirga kaya, a duba littafin bashi. Ɓarnar wata ɗaya tana gyaruwa.

Yaron da ya shekara goma sha biyar yana ɗaukar jaka, ba kwangila, ba rajistar CNSS (asusun inshora da fanshon ma'aikata), ba maganar ranar da za a sallame shi da jari, kada a yi mamaki in ya buɗe nasa shagon ya kwashe abokan ciniki. A faɗa masa matakinsa na gaba da lokacinsa, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu.

Naku,
Wani mai karatu, Maradi