Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Ɗaliban Aikin Jinya: Jingar Alƙaluman Lafiyar Al'umma da Yadda Muka Ɗauke Ta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa mambobin wannan ƙungiya, ga bayanin abin da shugabanninku suka yi da amanar da kuka ɗora musu a shekarar karatun da ta ƙare. Rahoton bana ya karkata gefe ɗaya, kuma da gangan ne. Abu guda ya cinye mafi yawan lokacinmu da kuɗinmu da barcinmu, wato jingar tattara alƙaluman lafiyar al'umma da aka ba 'yan ajin da suka fita fostin, wato koyon aiki a cikin al'umma. Shi zai ci mafi yawan wannan takarda.

Ayyukan da muka saba

Mun tarbi sababbin ɗalibai, mun zaga da su ɗakunan karatu da ɗakin gwaji, mun haɗa kowane ƙaramin rukuni da yaya ko anti daga manyan azuzuwa. Ranar 12 ga Mayu mun yi bikin Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya da gwajin hawan jini kyauta a bakin ƙofar makaranta. Mun je dubiya, mun je ta'aziyya gidajen 'yan uwanmu da suka yi rashi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Gasar ƙwallon da muka yi alkawari ba ta yiwu ba, domin kuɗinta ya tafi wurin da za ku ji a ƙasa.

Jingar da ta sha gaban komai

Ga 'yan ƙananan azuzuwa da ba su kai wurin ba, ga abin da ake nema. Ana raba aji rukuni-rukuni, a tura kowane rukuni unguwa ko ƙauye. Za su zana taswirar wurin, su ƙirga gidaje, su bi gida-gida da fom suna tambaya kan ruwan sha, makewayi, gidan sauro, awon ciki, inda mata ke haihuwa da riga-kafin yara. Za su auna damtsen ƙananan yara don gano masu tamowa. Sannan su zauna a cibiyar kiwon lafiya ta mazaɓar su duba rajistocinta, su kwatanta abin da ke rubuce da abin da idonsu ya gani, su fitar da manyan matsalolin lafiyar wurin bisa hujja, su rubuta rahoto, su kare shi a gaban malamai. Duk wannan ana yin sa ne jarrabawar zango na tafe, wasu kuma jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya na jiransu a gaba.

Kukan farko da ya zo ofishin ƙungiya ya ba mu mamaki. Mun zaci lissafi ne zai fara kayar da mutane, sai ga shi kalmar "gida" ce. Ɗaliba ta shiga ƙofa ɗaya ta tarar da tsoho da 'ya'yansa maza uku, kowanne da matansa da sashensa. Wata ta rubuta gida ɗaya, abokin aikinta a layin gaba ya rubuta irin wannan a matsayin gida huɗu. Da aka haɗa alƙaluma sai suka ƙi zama. Muka kira taron gaggawa, muka roƙi ɗaya daga cikin malamanmu na darasin lafiyar al'umma ta zo. Ita ta warware mana da ma'aunin da manyan binciken lafiya na ƙasa ke amfani da shi: waɗanda ke kwana wuri ɗaya, suna da mai gida ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya, su ne iyali ɗaya. Daga ranar tambayar ta koma, "Inna, a gidan nan tukunya nawa ake ɗorawa?" Tambaya ce da kowace tsohuwa ke amsawa ba tare da ta tsaya tunani ba.

Wannan ne ya buɗe mana ido cewa fom ɗin da aka rubuta da Turanci yana buƙatar a sake haifarsa da Hausa. Muka kafa kwamitin da ya zauna dare da dare yana fassara tambayoyi, yana gwada su a kan masu shara da masu sayar da abinci na makaranta kafin a kai su ƙauye. A ganina wannan shi ne aiki mafi daraja da ƙungiyar ta yi bana, don haka zan ɗan tsaya a kansa.

Ɗauki tambayar yawan 'ya'ya. Idan ka ce wa mace "'ya'yanki nawa?", za ta ƙirga masu rai, wata ma ta tsallake ɗan fari saboda kunya, wata ta haɗa da ɗan riƙo. Wanda ya koma kuwa ba za a ambace shi ba, alhali shi ne alƙalumman mace-macen yara ke nema. Kwamitin ya raba ta uku: haihuwarki nawa, nawa ke raye, nawa Allah Ya karɓi abinsa. Muka kuma koya wa juna cewa bayan amsa ta uku ana ajiye biro, a yi addu'a, kafin a ci gaba. Ɗalibai da yawa sun dawo masauki da jajayen idanu a kwanakin farko. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya ce a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 132 ba sa kaiwa shekara biyar. Duk mun haddace wannan adadi don jarrabawa. Zama a kan tabarma gaban uwar da ta binne uku daban yake.

Shekarun yaro ma haka. Awon damtse na yara ne daga wata 6 zuwa wata 59, tambayoyin riga-kafi kuma sun fi shafar 'yan wata 12 zuwa 23, ga shi yawancin iyaye ba su da takardar haihuwa. Muka tsara kalandar abubuwan da mutane ba sa mantawa: azumi, Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, Mauludi, faɗuwar ruwan farko, kakar gero, lokacin hunturu. Ga manyan yara muka ƙara da shekarar korona ta 2020, da wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, da cire tallafin mai a watan Mayun shekarar. Uwa za ta ce maka, "Ina da tsohon cikinsa aka yi wahalar kuɗin nan," kai kuma ka fitar da watanninsa.

A riga-kafi, ƙa'idarmu ita ce a ga kati da ido. In babu kati, a duba tabon allurar tarin fuka a saman hannun hagu, sannan a bambance wa uwa tsakanin ɗigon baki na shan inna da ake bi gida-gida ana yi, da allurar cinya da ake zuwa asibiti a karɓa a mako 6, mako 10 da mako 14. Uwa takan ce "an yi masa duka" da zuciya ɗaya, tana nufin ɗigon da aka zo har tsakar gida aka yi. Allurar cinyar nan, Penta, ita ce ke kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo, wanda ya yi ɓarna a Kano da Yobe da Katsina da wasu jihohin Arewa a 2023. Ɗalibin da ya haɗa ɗigo da allura a layi ɗaya ya ɓoye yaran da cutar za ta fara kamawa.

Zaman dare da lissafi

Bayan dawowa daga ƙauye aka shiga wahala ta biyu. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa buɗe manhajar lissafi ta Excel ba, kwamfutoci kuma ba su wadata ba. Ƙungiya ta shirya zaman koyo bayan sallar isha'i, waɗanda suka iya suna koya wa waɗanda ba su iya ba. Muka karɓi aron kwamfutocin mambobi, muka tsara jerin wanda zai yi amfani da wace a wane lokaci, muka sayi man janareta da data daga asusun ƙungiya. Nan kuɗin ƙwallo ya tafi. Rukunonin da ke da wayoyi masu kyau sun gwada KoboToolbox, manhajar cike fom a waya wadda ke karɓar amsa ko babu sabis, sai an samu intanet a tura. Ya rage musu aikin kwafa, amma caji ya zame musu matsala a ƙauyen da babu wuta, har suka koma ɗaukar fom na takarda a jaka saboda tsaro.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne adadin da ake rabawa da shi. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a ƙasar nan an yi ta ne a 2006. Cibiyoyin lafiya suna aiki da ƙiyasi: yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4 cikin 100 na jama'a, 'yan ƙasa da shekara biyar kashi 20, masu juna biyu kashi 5. Idan ƙiyasin jama'ar ya yi ƙasa da gaskiya, lissafi zai iya nuna an yi wa fiye da kashi 100 riga-kafi, alhali ga yara nan a gida ba a yi musu ba. Wani rukuni ya gamu da wannan, suka ɗauka su ne suka yi kuskure, suka kwana suna neman inda suka ɓata. Babu inda suka ɓata. Abin da suka gano shi ne ya zama ƙashin bayan rahotonsu.

Mun kuma yi ta maimaita lissafin yaran da suka fara allura suka yanke. A ce yara 100 sun karɓi Penta ta farko, 80 suka kai ta uku. An rasa 20 ke nan a hanya, kashi 20 cikin 100, kuma duk abin da ya haura kashi 10 alama ce ta matsala. Jami'in kula da alƙaluma na ƙaramar hukumar da muka gayyata ya nuna mana tafiyar lamba: daga rajistar cibiya zuwa fom ɗin taƙaitawa na wata, daga nan zuwa ofishinsa, shi kuma ya shigar a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, har jiha da Abuja su gani su tsara rabon magani da allura. Ranar ne da yawa suka gane cewa layin da nas ta cike a gurguje ƙarshen wata yana iya hana ƙauye guda kayan aiki.

Abin da bai yi mana daɗi ba

Amana ta hana ni tsallake wannan. Wasu daga cikinmu, da rana ta yi zafi, ƙafa ta gaji, wa'adi ya matso, sun zauna a gindin bishiya sun cike fom da ka. 'Yan rukuninsu ne suka lura: awon damtsen yara da yawa a jere ya zo iri ɗaya, babu ko yaro ɗaya a ja ko a rawaya, a unguwar da maƙwabtan layi suka sami masu tamowa. Ma'aunin a fili yake. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne. Yaron da aka rubuta masa kore, wato ba shi da tamowa, ba tare da an taɓa hannunsa ba, an rufe masa ƙofar asibiti.

Majalisar zartarwa ta yi muhawara mai zafi. Wasu suka ce a kai sunaye gaban malamai, wasu suka ce a rufa asiri. Matsayar da muka cimma ita ce a zauna da su, a yaga fom ɗin ƙarya, su da kansu su sanar da malamar da ke kula da rukuninsu, ƙungiya ta biya kuɗin mota, wasu daga cikinmu su raka su su sake bin gidajen. Sun amince, kuma sun yi. A zagayen na biyu an sami yaran da ke buƙatar a tura su cibiya, aka tura su. Ba za a ambaci sunan kowa ba, a nan ko a wani wuri, kuma ina roƙon wanda ya sani ya kama bakinsa. Ni dai na ga gajiya da tsoron faɗuwa a fuskokinsu fiye da mugun nufi, kuma laifinmu ne shugabanni da ba mu tanadi hanyar da ɗalibi zai ce "na kasa" tun da wuri ba. Daga baya muka naɗa mai kula da walwala a kowane rukuni, muka nemi ƙarin kwanaki a rubuce, hukumar makaranta ta duba ta ba mu. Muna godiya.

Mutanen da suka buɗe mana ƙofa

Babu rukunin da ya shiga gida sai da ya fara zuwa gaban dagaci ko mai unguwa ya yi gaisuwa, aka sanar da liman da kwamitin ci gaban mazaɓa. A gidajen kulle 'yan uwanmu mata ne suka shiga, maza suka tsaya a zaure da masu gida. Ungozomomin gargajiya sun zame mana jagora, sun san ɗakin da aka haihu a makon nan da wanda ake jego. Kowa an nemi yardarsa kafin tambaya, wanda ya ƙi aka yi masa godiya aka wuce. Mun hana ɗaukar hoton yara ko na fom a saka a WhatsApp, mun sa lamba a madadin suna. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma riƙe sirrin mara lafiya yana cikin rantsuwar aikinmu tun kafin dokar.

Wani dattijo ya tare wani rukuni da cewa, "'Ya'yana, kowace shekara kuna zuwa ku yi tambaya ku tafi, ba mu taɓa jin abin da kuka gano ba." Gaskiya ya faɗa. Bana, bayan an kare rahotanni, mun koma wasu daga cikin ƙauyukan, muka zauna a ƙofar fada muka karanta musu sakamako da Hausa: inda ruwan sha ke gurɓata, layin da yara suka fi yanke allura, dalilan da mata suka bayar na ƙin komawa awo. Ba mu kai ga dukkan ƙauyukan ba saboda kuɗin mota ya ƙare.

Kuɗi da abin da muka bari

Kuɗin shiga bana daga kuɗin wata na mambobi ne da gudummawar wasu tsofaffin ɗalibai, Allah Ya saka musu da alheri. Mafi yawansa ya tafi ga mota, buga fom, mai da data. Ma'aji ya liƙa cikakken lissafi da rasidai a allon sanarwa, kuma zai amsa tambayoyi a babban taro. Waɗanda ake bin su kuɗin wata su taimaka su biya kafin miƙa mulki.

Ga shugabanni masu zuwa, mun bar fom ɗin Hausa da kalandar shekaru da jadawalin zaman dare a cikin fayil a ofis. Kalandar tana buƙatar sabuntawa kowace shekara. Mun bar muku bashi guda biyu: ƙauyukan da ba a koma an karanta musu sakamakonsu ba, da yaran da aka tura cibiya saboda tamowa, waɗanda muka yi wa iyayensu alkawarin za mu dawo mu sake auna su. Lambobin gidajen suna hannun malamar da ke kula da fostin. Duk mai son shiga tawagar komawa ya rubuta sunansa wurin mai kula da walwala kafin a tafi hutu.

Wassalamu alaikum.

Sakatariyar Ƙungiya,
a madadin Majalisar Zartarwa