Godiya ga shagon wanke hoton da bai goge wa Inna zanen fuskarta ba

Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda suka san ni sun san ƙorafi na fi iyawa, to yau godiya na zo yi, kuma ni kaina ban taɓa zaton zan zauna in rubuta wa shagon wanke hoto wasiƙa ba a garin nan namu na Maradi. Ɗan ƙaramin shago ne ta wajen babbar kasuwa, in kana kan moto sai ka wuce shi ba ka sani ba. Elhaji mai shagon, da kai ƙanena da ke zama gaban kwamfuta, Allah ya saka muku da alheri.

Ni malamin lakwal ne, ɗaukar hoto sha'awa ce kawai, ba ni da babbar kyamara irin ta masu ɗaukar biki, Tecno ce a aljihuna kamar kowa. Ranar da babu aji nakan yi sammako in tafi Madarunfa in jira masunta su shiga tafki, ko in shiga garakan zogale na Jiratawa tun rana ba ta yi ƙarfi ba, don hasken tsakar rana a ƙasar nan ba ya ragawa kowa, fuska ta yi baƙi ƙirin sama ta yi fari fat. Hazon hunturu da kowa ke kuka da shi ma ni jiransa nake, shi ke tausasa haske.

Amma hoton da ya kai ni yawon shaguna ba na tafki ba ne, na kakata ne, Inna. Bagobira ce ta Tibiri, da zanenta reras a kumatu. Wata rana da la'asar sakaliya na tarar da ita a bakin ƙofar ɗaki tana ɓarar gujiya, haske ya faɗo mata ta gefe guda, rabin fuskar a inuwa, hannuwan nan nata da suka sha aiki suna cikin faifai. Na goge idon kyamara da bakin rigata, ban yi zum ba don zum ɗin waya ɓata hoto yake, da ƙafata na matsa, na taɓa fuskarta a gilashi na ja hasken ƙasa kaɗan, na ɗauka ba ta ma sani ba. Wata huɗu bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Shi ne mahaifiyata ta ce tana so a wanke mata shi babba ta rataya.

Shagon farko, ba zan faɗi suna ba, aka ce in turo ta WhatsApp in dawo jibi. Na dawo, wallahi sai da na ce wa yaron ba nawa ba ne wannan. An yanko Inna an ɗora ta kan koriyar ciyawa gaban wani gidan sama da furanni ta ko'ina, babu faifai babu ƙofar ɗaki, fatarta ta yi jajir ta yi sumul kamar ta amarya, zanen Gobir ɗin nan gaba ɗaya an shafe shi, ko alama babu. Na ce mine ne haka, ya ce Mushe ai gyara maka na yi, tsohuwar ta yi duhu da yawa. Kuma har ga Allah jira yake in yaba. Na biya na fito don ba na son hayaniya, amma takardar ban kai ta gida ba, ina zan nuna wa mahaifiyata uwarta da fuskar wata?

Na biyu su ba su taɓa fuskar ba, sai dai suka datse hannuwa da rabin faifan, hoton kuma ya fito dulum kamar da tsakar dare aka ɗauka. Da na yi magana mai shagon ko ɗago kai bai yi ba, ya ce hoton portabul ne haka yake fita, in ina son mai kyau in sayi kyamara.

To da wannan zuciyar na shigo wurinku, na riga na shirya faɗa. Na ce in turo ta WhatsApp? Yaron nan ya ce a'a Mushe, WhatsApp matse hoto yake ya rage masa ƙarfi, in dai ba a matsayin dokima, wato fayil, ka tura ba, kawo wayar mu sa mata kabul. Hoton ya buɗe a kwamfuta, ya yi shiru yana kallo ya daɗe, sannan ya juyo ya yi mini tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini: Mushe wannan duhun da gangan ka bar shi, ko in ɗaga? Jama'a nan take faɗan da na zo da shi ya zube. Na ce da gangan ne ƙanena. Ya ce na gani, shi ne ma ya fito da zanen.

Daga nan ya fahimtar da ni abin da ya faru a shago na biyu ba tare da ya kushe kowa ba. Hoton wayata ɗigo 4000 ne a 3000, wato ɗigo miliyan 12 da ake cewa megafiksel 12, fasalinsa 4 a 3, ita kuwa takarda santimita 10 a 15 ko 20 a 30 fasalinta 3 a 2 ne, dole wani gefe ya tafi in ba a bar farin baki ba. Ya ce mu yi santimita 30 a 40, zai zauna daidai ba a yanke ko ƙwayar gujiya ɗaya ba, kuma ƙarfinsa ya isa. Zancen duhu kuma ya ce gilashin waya shi ke ba da haskensa, takarda ba ta da shi, don haka hoto kan fi duhu in an wanke, sai an ɗan ƙara kaɗan don ya dawo yadda idona ya gani. Bai ce in yarda da bakinsa ba, ya fitar da ɗan guntun gwaji na wajen fuskar kawai, muka fita bakin ƙofa muka duba da hasken rana, na ce a rage kaɗan, ya rage ya sake. Ko dala bai karɓa ba a kan gwajin. Ya kuma ba ni shawarar takarda maras ƙyalli tunda cikin gilashi za a sa.

Sauran aikin ba wani dogon labari, kuran ya ɗauke, ya ce in tafi zai kira ni, kuma ya kira. Da na kai gida mahaifiyata ta ɗora yatsa a kan gilashin tana bin zanen ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce komi ba, ni ma na fita na ba ta wuri.

Abin da ke damuna shi ne me ya sa tambaya ɗaya ta zama abin mamaki. Ku duba hotunan sallah da na biki da ake rabawa yanzu, kowa fari, kowa sumul, uwar amarya da amarya sa'a ɗaya, wayoyin ma da kansu suna zuwa da abin goge fuska a kunne sai ka shiga ka kashe shi. Zanen nan kuma yanzu ba a cika yi wa yara ba, tsofaffin da ke da shi tafiya suke, in mai shago ya share shi daga hoto ina jikoki za su gan shi? Kuma ba masu hoto kaɗai ba, kai wa tela yadi ka ce ga yadda kake so ya ɗinka maka yadda shi yake so, mai gyaran moto ka kai masa birki ya kwance maka inji, kowa ya fi ka sanin abinka.

Elhaji, ka roƙi in bar maka kwafi ka rataya a shago, na tambayi mahaifiyata ta ce a bari tukuna, ka yi haƙuri. Amma na masuntan Madarunfa da na mahaya dawakin hawan sallah a ƙofar fada suna nan tafe, ka zaɓi wanda ya yi maka. Yaron nan kuma ka riƙe shi da kyau ka ƙara masa wani abu, kada wani ya ɗauke maka shi. Sai benci don Allah, ko guda ne, ranar nan a tsaye na yi awa biyu.