Me Ya Sa Mashayin Wiwi Kullum Ƙara Yawan Sha Yake Yi?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in taɓo wani ɓangare na batun tabar wiwi da labaran kamen hukumar NDLEA ba sa kaiwa gare shi, wato dalilin da ya sa saurayin da naɗi ɗaya ke bugarwa bara, bana sai ya zuƙi uku bai ji komai ba.

Sinadarin THC na cikin wiwi, wanda shi ne ke bugarwa, ba ya aiki sai ya sauka a kan wasu makarɓai, wato wuraren da ke karɓar saƙonsa, da ke jikin ƙwayoyin halittarmu. Nau'in CB1, wanda aka gano ƙwayar gadonsa a 1990, ya fi yawa a ƙwaƙwalwa, shi kuwa CB2 da ya biyo baya a 1993 ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki. Umarnin ƙera CB1 yana rubuce ne a ƙwayar gado mai suna CNR1, a kan kuromosom na 6, kuma ko da yake kusan kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da rubutun, ba kowacce ke karanta shi ba. Idan aka liƙa sinadarin metil a mashigar wannan rubutu, karatun yakan ragu, makarɓan su yi ƙaranci. CB2 kuwa kumburi ne ke tashinsa, domin ƙwayoyin tsaron ƙwaƙwalwa sukan ƙara ƙera shi idan ciwo ya same ta.

A wajen mashayi, babban abin da aka tabbatar shi ne ƙwayar halittar da THC ya dame ta takan janye makarɓanta ciki ta narkar da su, shi ya sa sai ya ƙara yawan sha kafin ya ji abin da yake ji a da. Sauyin karatun ƙwayar gadon kuwa ya danganta da sashen ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2012, da na'urar hoto ta PET, ya nuna CB1 ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a ɓawon ƙwaƙwalwar masu sha kullum, kuma ya koma daidai bayan kamar mako huɗu da dainawa.

Wannan mako huɗun nake so iyaye su sani. Na sha ganin uban da ɗansa ya kwana goma bai sha ba, yaron ba barci, ba cin abinci, sai faɗa da ƙannensa, har uban ya yanke ƙauna ya ce ai gara jiya da yau, alhali a lokacin ne makarɓan suke kan dawowa.

Naka,
Wani malamin kimiyya,
Zariya.