Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mana da fitilun harabar masallaci

Assalamu alaikum, Yallaɓai Manaja.

Na fito da wannan magana bainar jama'a ne saboda sintirin da na yi zuwa shagonku na Sabon Gari bai haifar da komai ba sai "manaja ya fita" da "laifin wuta ne". Ban kama sunan kamfaninku ba domin gyara nake nema, amma kun san kanku, rasit ɗinku kuma yana hannuna.

Ni mai aikin wayarin ne a Tudun Wada. Kwamitin masallacin unguwarmu ya ba ni aikin haska haraba kafin azumi, saboda masu tarawihi da ke cika har bakin titi. Kuɗin karo-karo ne, har da na mata masu tuyar ƙosai. Na nemi manyan fitilu masu farin haske, ƙwan metal halaid mai wat 400. Yaronku ya kawo su a haɗe, akwatin cok ɗin (na'urar da ke kayyade lantarkin da ke shiga ƙwan) a manne da sitikarku, ya ce duk wanda ya ɓalle ta garanti ya tashi. Da na tambaye shi irin cok ɗin da ke ciki, amsar da ya ba ni ita ce: "Oga, 400 ai 400 ce, duk holda ɗaya suke shiga."

Wannan maganar ita ce tushen ɓarnar. Gaskiya ne ƙwan sodiyam mai ruwan lemo, da na makuri, da na metal halaid duk suna iya zama a holda E40 ɗaya, amma abin da kowanne ke buƙata daban ne. Irin waɗannan fitilu, da zarar wuta ta kama tsakanin ƙarafan da ke cikin bututunsu, za su yi ta jan lantarki ba tsayawa har su halaka kansu. Cok shi ne linzaminsu, kuma kowane ƙwai da nasa. Ƙwan sodiyam mai wat 400 yana aiki ne a kan kimanin bolt 100, yana jan amfiya 4.5 ko kusa da haka. Metal halaid ɗin da kuka ba ni yana aiki a wajen bolt 135, yana jan amfiya 3.25, daidai da na makuri, haka kuma aka rubuta a kwalinsa. In aka ɗora shi a kan cok ɗin sodiyam, an tura masa abin da ya fi ƙarfinsa. Na san akwai ƙwayayen metal halaid da aka ƙera su don su zauna da cok ɗin sodiyam, amma masu ƙera su kan faɗa ƙarara a jikin kwali. Naku ba ya cikinsu.

Daren farko jama'a har sa mini albarka suke yi don tsabar haske, alhali hasken ne ya wuce kima. Kafin a kai goman tsakiya launinsa ya fara sauyawa, bakin bututun ciki ya yi baƙi ƙirin. Sai ranar da ɗaya ya fashe ana tsakiyar salla, da ƙarar da ta sa sahu ya watse. Gilashin gaban fitilar ne ya tare tarkacen. Bututun nan zafinsa kan kusanci digiri 1000, kuma a ƙarƙashin wannan turken yara ke shimfiɗa tabarma. Allah ne ya tsare.

A nan na ɓalle sitikarku, a gaban 'yan kwamiti, na ɗauki hoto. A jikin kowane cok an rubuta HPS, wato na sodiyam. Biyu daga ciki ma an rubuta 60 Hz (ma'aunin saurin juyawar lantarki), irin na kasuwar Amurka, alhali wutar Najeriya bolt 230 ce a kan 50 Hz. Cok mai naɗin waya da aka yi wa 60, in ya hau 50, yana sakin lantarki fiye da yadda aka tsara, ya yi ta ɗaukar zafi. Waɗannan biyun hannu ba ya iya taɓa su, fentinsu ya kumbura, suna warin ƙonannen banish.

Kun ce raunin wuta ne. Mu da ke Zariya mun san wuta takan yi ƙasa da magariba, amma raunin wuta dusashe irin wannan fitila yake yi, ko ya sa ta mutu sai ta huce ta sake kamawa. Ba ya sa ta yi hasken da ya wuce kima. Ban da haka, yawancin daren a kan janaretan masallaci muke, kuma mitata ta nuna yana riƙe da 230 daram.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a unguwa ni ake kallo. Dattijon da ya tsaya mini aka ba ni aikin yanzu kunyar haɗa ido da ni yake ji, kuma mai sana'ar hannu ba shi da jarin da ya wuce sunansa.

Ku karɓi kayanku, ku ba mu cok ɗin da ya dace da ƙwan, mai 50 Hz, tare da sababbin ƙwayaye a madadin waɗanda suka lalace, ko ku maido wa masallaci kuɗinsa cif. Ku kuma binciki sauran fitilun da ke sito, domin na tabbata ba mu kaɗai muka saya ba. Akwai masu gidajen mai da injinan casar shinkafa da ke rataye irinsu a kan ma'aikatansu. Yaran kanti kuma a zaunar da su a koya musu karanta abin da ke jikin cok kafin su haɗa wa mutum kaya.

Na ba ku mako biyu. In shiru ta ci gaba, zan kai hotunan da rasit ɗin gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC da hukumar kula da ingancin kaya ta SON, kuma 'yan kwamiti sun ce da su za a je.

Wassalam.

Mai aikin wayarin,
Tudun Wada, Zariya.